Yadda na koyi gaisawa da Turanci a bakin gadon majinyata

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Kafin a ba ni damar aiki a Ingila sai da na ci jarabawar Turanci ta OET, wadda ake shirya wa ma'aikatan lafiya, sannan na ci gwajin aiki da hukumar rajistar nas-nas ta ƙasar take yi. Saboda haka da na sauka, abin da ya cika mini kai shi ne sunayen magunguna, da na'urori, da yadda suke rubuta rahoto. Gaisuwa ba ta cikin lissafina sam. Wa zai zauna yana tunanin abin da ya haddace tun yana aji ɗaya? Malami ya shigo, mu miƙe mu ja "Good morning, sir", ya ce "How are you?", mu amsa baki ɗaya "We are fine, thank you." A ganina magana ta ƙare a nan.

Asibitin da aka tura ni yana yankin Yorkshire, a arewacin ƙasar. Tun makon farko na lura duk wanda muka yi kiciɓis da shi a baranda sai ya ce mini "You alright?" Wani ma ya gutsure ta, "Alright?" kawai. Mai shara ya faɗa, likita ya faɗa, shugabar ɗakin majinyatanmu ta faɗa. Abin ya tsaya mini a rai. Na shiga banɗaki na tsaya gaban madubi ina duba ko rama na yi, ko sanyin garin ne ya nuna a fuskata. Da aka tashi hutun rana na samu wata 'yar'uwa Bahaushiya da ta riga ni zuwa da daɗewa, ta kuma girme ni nesa ba kusa ba, na ce, "Yaya, don Allah me mutanen nan suke gani a jikina? Kowa sai ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau." Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Ƙanwata, babu abin da suka gani. Sannu ce kawai suke miki. Ki ce 'Yeah, you?' ki wuce abinki, ko ki mayar musu da tasu."

Da na sa ido sai na ga gaskiyarta. Mai tambayar ba ya ko rage tafiya. Kafin ka buɗe baki ya riga ya sha kwana. Gaisuwar tasu kamar mutum ne ya ɗaga maka hannu daga cikin mota: ya gan ka, ka gan shi, shi ke nan. Ba zan ɓoye ba, da farko na ɗauke ta a matsayin rashin kula. Amma ranar da na yi aikin awa 12 ina sintiri tsakanin gadaje, na gane da kowa zai tsaya ya bi lafiyar kowa dalla-dalla, da majinyata sun sha jira. Har yanzu ina jin daɗin doguwar gaisuwa idan an samu sarari, sai dai na daina ganin laifin gajeruwar.

Gaisuwar lokaci ba ta ba ni wahala ba. "Good morning" daga safe zuwa ƙarfe 12 na rana, "Good afternoon" daga nan zuwa wajen biyar ko shida, sai "Good evening". Tsakanin abokan aiki ma ba a cika faɗin ta duka ba, "Morning" kawai ake jefawa. Wadda take da tarko ita ce "Good night". Ba a shiga wuri da ita, ko da ƙarfe goma na dare ne. Ta rabuwa ce, ko ta mai shirin kwanciya. Mai aikin dare idan ya iso sai ya ce "Evening" ko "Hi", mu masu tashi mu ce masa "Night" muna jan jaka. Ita kuwa "How do you do?" da aka wahalar da mu a kanta a makaranta, a bakin wata tsohuwa mai shekara casa'in da wani abu kaɗai na taɓa jin ta, kuma amsarta ita ce ka maimaita mata kalmomin nan yadda suke.

Akwai kuma Turancin da muka taso da shi, wanda a gida daidai yake, babu mai ɗaga gira, amma a can sai ya juya ma'ana. Wata yarinya 'yar ƙasarmu da ta zo bayana aka haɗa ta da ni don in nuna mata aiki. Ta tarar da wani likita yana ta faman rubutu a kwamfuta, ta ce masa "Well done." Nufinta sannu da aiki. Ya ɗago ya dube ta, ya ce "For what?" A wurinsu wannan kalmar yabo ce ta wanda ya gama wani abu ya burge, kuma yawanci daga babba take sauka zuwa ƙarami. Ta dawo wurina jiki a sanyaye, ta ce, "Anti, laifi na yi ne?" Na ce babu laifi, gaisuwar ce ba su da irinta. Turanci na can ba shi da abin da ake faɗa wa mutum don kawai an same shi yana aiki. In ta matsu sai ta ce wani abu, ta ce "Busy day?" ya wadatar.

Haka "Sorry" da muke faɗa idan mutum ya yi tuntuɓe ko abu ya suɓuce masa. Sau da yawa za su ce maka "It's not your fault", don sun ɗauka haƙuri kake bayarwa. Abin da suke cewa a nan shi ne "Are you okay?", kuma a wannan karon da gaske ake tambaya. "You are welcome" kuwa amsar godiya ce, ba a tarar baƙo da ita. Mai tarba "Welcome" yake cewa, ko "Come in". Sai "How was your night?" Wannan kam ka kiyaye ta da abokin aiki, domin kunnensa zai ji kamar kana leƙa masa ɗakin kwana. Abin dariyar shi ne a bakin gado tambayar tana da gurbi, tunda aikina ne in san ko majinyaci ya yi barci. Ko a nan ɗin na fi son "Did you sleep well?"

Batun suna ya fi ɗaukar mini lokaci. Shugabar ɗakinmu ta haife ni a shekaru, amma ta ce in kira ta da sunanta gatsau. Harshena ya ƙi. Ina ce mata "Ma", tana cewa ina sa ta jin ta tsufa. A ƙarshe muka tsaya a "Sister", wanda dama shi ne laƙabin muƙamin nata. Sannan ga likitocin tiyata, waɗanda ba a ce musu "Doctor" idan sun ƙware, sai "Mr" ko "Miss" ko "Ms". Asalin abin tsohon tarihi ne: a da masu tiyata a Ingila ba daga jami'a suke fitowa ba, a hannun ubangida suke koyon sana'ar, don haka ba su da laƙabin dakta. Da sana'ar ta samu daraja sai suka riƙe "Mr" ɗin ya zama abin tinƙaho. Baƙo zai ɗauka rage wa mutum girma aka yi, alhali ƙara masa aka yi.

Su kuma majinyatan, su ne suka riƙa kirana "love". Tsoho ya faɗa, tsohuwa ta faɗa, direban bas ma ya faɗa. Babu soyayya a ciki ko ƙanƙani, bakin yankin ne. A wajen Nottingham da Stoke "duck" suke cewa, a Newcastle kuma "pet". Na saba da jin ta har ta daina tsaya mini, amma ni ban mayar wa majinyaci da ita, domin wasu tsofaffin suna jin kamar an mai da su yara. Abin da aka koya mana, kuma na ga amfaninsa, shi ne ka tambayi mutum tun farko: "What would you like me to call you?" Wani zai ce sunansa na yanka, wata za ta ce "Mrs" da sunan mijinta, ko da mijin ya daɗe da rasuwa. Matambayi ba ya ɓata.

A ƙirjin rigata akwai ɗan kati da aka rubuta "Hello, my name is" sannan sunana. Na ɗauka ado ne na asibiti sai da na ji labarinsa. Wata likitar tsofaffi ce a yankin na Yorkshire, Dakta Kate Granger, ta kamu da ciwon daji wanda ba ya jin magani. A 2013 tana kwance a asibiti ta lura ma'aikata da yawa suna zuwa kanta su yi abin da za su yi ba tare da sun faɗi sunansu ba. Sai ita da mijinta suka fara kamfe a Twitter da waɗannan kalmomi, suna kira ga duk ma'aikacin lafiya ya fara gabatar da kansa kafin ya taɓa majinyaci. Abin ya bazu a asibitocin ƙasar har ya tsallaka waje. Ta rasu a watan Yulin 2016. Tun da na ji wannan, ban ƙara ɗaga labulen gado ba sai na ce "Hello", na faɗi sunana, na faɗi abin da ya kawo ni. Ko majinyacin da ba ya cikin hayyacinsa ina yi masa, don ba ni da tabbacin ba ya ji.

Amma babban abin da na koya yana cikin "How are you?" ɗin nan da na raina. A baranda gaisuwa ce, ba ta jiran amsa. A bakin gado kuwa tambayar aiki ce, ina son in san gaskiya. Matsalar ita ce majinyaci bai san da wacce na zo ba, kuma bakinsa ya saba da amsar baranda tun yana yaro.

Akwai wani dattijo da aka yi wa aiki a ciki. Washegari da safe na je kansa na gaishe shi, na ce "How are you this morning?" Ya ce, "Not too bad, love. Mustn't grumble." Wato da sauƙi, bai kamata ya yi ƙorafi ba. Ya ma yi murmushi. Amma hannunsa na dama ya damƙe ƙarfen gadon har gaɓoɓin yatsun sun yi fari. Gumi ya tsattsafo masa a goshi alhali ɗakin ba zafi. Numfashinsa sama-sama, yana tsoron ja da ƙarfi. Na jawo kujera na zauna daidai fuskarsa, na ajiye takardar da ke hannuna, na ce masa idan sifili babu ciwo, goma kuma ciwon da bai taɓa jin irinsa ba, ina yake yanzu? Ya yi shiru, ya dubi silin, ya ce takwas. Ashe tun tsakar dare yake a haka. Mai aikin dare ta leƙo ta ce "You alright?", ya ce "Fine, thanks", ta wuce. Ita ba ta yi sakaci ba, shi ma bai yi ƙarya ba a ganinsa. An gaishe shi ne ya amsa.

Daga wannan na fara sauraren amsoshin nan da wani kunne. "Fine" ba ta nufin komai. "Not too bad" tana iya zama lafiya lau, tana iya zama akasin haka, sai ka haɗa da fuska. "Can't complain" haka. "Bearing up" ta mai daurewa ce. Idan kuwa tsohon Bature ya ce "I've been better", to ka ajiye abin da kake yi, domin a ma'auninsa wannan kuka ne. Na kuma raba tambayata gida biyu. Ta farko in gaisa, in bar shi ya ba ni amsar da ya saba, kada in hana shi ladabinsa. Ta biyu in zauna, in sassauta murya, in tambayi abu takamaimai: ciwon, barcin, numfashin. Likitocin can suna da wata da suke cewa, "How are you in yourself?", wadda ke nufin ban da ciwon da ya kawo ka, kai kanka yaya kake ji. Na ga wannan tambayar ta sa wata mata ta fashe da kuka bayan ta gama ce wa kowa tana nan ƙalau.

Ni ma abin ya shafe ni ta ɗaya gefen. Idan abokiyar aiki ta tsaya cak, ta dube ni, ta ce "No, really, how are you?", to ta buɗe ƙofa ne, ina iya faɗin damuwata. In ba ta tsaya ba, "Good, thanks" ya ishe mu duka.

Da korona ta zo a 2020, musabaha ta ɗauke, aka koma haɗa gwiwar hannu ko ɗaga hannu daga nesa. Ni da dama ba mai miƙa wa maza hannu ba ce, sai abin ya zo mini da sauƙi. Abin da ya yi wuya shi ne takunkumi. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to ga fuskar an rufe. Dole muka ɗora nauyin duka a kan murya, muna faɗin suna da ƙarfi ana maimaitawa, musamman ga tsofaffin da suka saba karanta leɓe. A lokacin ne "Stay safe" ta zama ban kwanan kowa, har a ƙarshen imel.

Ban kwana ma yana da tasa kwanar. "See you later" ba alkawari ba ne. Mutumin da ba za ku sake haɗuwa ba har abada zai iya faɗa maka ita a bakin kanti. "We must have a coffee sometime" ma in ba a sa rana da lokaci ba, daɗin baki ne na rabuwa, kada ka zauna jiran waya. "Cheers" tana zama godiya, tana zama sallama, wani lokacin duka biyun a haɗe. A arewa za ka ji "Ta-ra". Idan kuna hira da mutum sai ya buga cinyarsa ya ce "Right then", ko ya ja "Anyway", tashi yake son yi, kai ma sai ka fara tattara naka. A waya kuwa ba sa ajiyewa da "Bye" ɗaya, sai sun jero ta sau uku ko huɗu murya tana raguwa.

Ita "Goodbye" cikakkiya ba a cika jin ta ba. Tana da nauyi, kamar an rufe ƙofa, har mai fushi yakan yi amfani da ita don ya nuna magana ta ƙare. Asalinta addu'a ce, "God be with ye", Allah ya kasance tare da ku, wadda baki ya yi ta gutsurewa tun ƙarni na 16. A ɗakin majinyata ina kaffa-kaffa da ita. Wanda za a shiga da shi tiyata ba na ce masa "Goodbye". Cewa nake "See you when you get back", kuma a wannan wurin da gaske nake, ina ƙoƙarin ya gan ni idan ya farfaɗo.

A rubuce ƙa'idar ta fi tsauri. Wasiƙar da aka buɗe da "Dear Sir or Madam" ana rufe ta da "Yours faithfully", wadda aka ambaci sunan mutum kuma da "Yours sincerely". Imel na yau da kullum tsakanin ma'aikata "Hi" da suna ne, a rufe da "Kind regards" ko "Thanks". Doguwar shimfiɗar tambayar iyali da aiki kafin a shiga magana ba ta da wuri a nan, layi ɗaya na "Hope you're well" ya yi.

Wuri mafi wuya shi ne idan an yi rashi. Iyali sun fito daga ɗaki da jakar mamacinsu a hannu, kai kuma kana tsaye a bakin ƙofa. Baki ya saba da "Have a nice day" har yakan fita da kansa, kuma na taɓa jin ta suɓuce wa wani matashin ma'aikaci a irin wannan lokacin, ya yi tsaye kamar ƙasa ta tsage ya shige. Abin da ake cewa kaɗan ne: "I'm so sorry for your loss." Sai "Take care of yourselves" idan za su tafi. Kalmomin haƙuri da addu'a da ke cike da bakina ina riƙe su, sai na ga alamar mutanen masu addini ne kuma za su so. Wasu suna so ƙwarai, har su riƙe mini hannu. Wasu kuma shirun da ka tsaya tare da su ya fi musu.

Ranar sallama kuwa ranar raha ce. Dattijon nan mai "Mustn't grumble" ya warke, 'yarsa ta zo ɗaukarsa. Ya tsaya a teburinmu da sandarsa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "No offence, but I hope I never see you lot again." Wato kada mu ji haushi, amma yana fatan kada ya ƙara ganinmu. Yarinyar nan da nake koya wa aiki ta zaro ido ta dube ni, ta ce a hankali, "Anti, me muka yi masa?" Shugabarmu ta riga ni, ta ce masa "Likewise! Off you go", kowa ya kwashe da dariya. Na ce masa "Take care, mind how you go", na tuna wa 'yar tasa ranar da za a cire zaren ɗinkin, sannan muka shiga gyara gadon don akwai wani majinyacin da ke jira.